Ranar da Baba Ya Ce In Mayar da Waƙa Baya

Ko zan manta da komai na zamana a Dubai, wata safiya guda da na yi da mahaifina a cikin mota ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Al Quoz, ina zaune ni kaɗai a ƙaramin flat a Al Rigga. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki a Kano, ɓangaren hagu, na dage sai da aka kawo shi wajena a yi masa gashi da motsa jiki. Ƙafar ta fara dawowa, amma hannun ya ƙi. In za a faɗi gaskiya ma, ba hannun ne ya ƙi ba, Baba ne. Duk abin da likitar da ke masa gashin ta miƙa masa ya matsa, sai ya kalle shi ya kau da kai. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai tsare gida, bai saba a ga gazawarsa ba.

Ran nan muna shirin fita asibiti ya ce, "Ki saya min tikitin komawa gida. Khalas, in ji Larabawanku, ya isa haka. In mutuwar ce, ta same ni a ɗakina."

Na ce, "Baba, ba inda za ka da hannun nan haka."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, amma ko ɗar ban ji ba. Likitar ta riga ta gaya min, in aka bar hannun ya sandare, shi ke nan.

Muka shiga mota ba mai cewa uffan, ga cunkoso ya tsayar da mu. Shirun ya yi min nauyi, sai na kunna abin da na saba ji a hanyar aiki: wani tsohon makaɗin jitar lantarki, baƙar fatar Amurka, cikin manyan masu kiɗan blues. Ya daɗe da rasuwa. Na fi son waƙoƙinsa da aka ɗauka yana kan dandamali a gaban jama'a, inda ake jin tafi da ihu har da ƙarar kofuna. Na rage muryar sosai, don a iya sanina Baba ba ya jin komai a rediyo sai labarai.

Ana cikin waƙar makaɗin ya daina rerawa, ya ja tsirkiya ɗaya ya riƙe ta tana kuka. Wata mata a cikin taron ta ƙwala ihu, sannan ya sake ta.

"Mayar da shi baya," in ji Baba.

Na zaci kunnena ne. Na kai hannu zan kashe.

"Ba kashewa na ce ba. Wurin da matar nan ta yi ihu. Ƙara murya." Na mayar. Ya lumshe ido. "Kin ji? Ba ya sauri. Sai ya bari sun roƙe shi tukuna. Kuma da yatsa uku yake tura tsirkiyar sama, ɗaya ba zai iya ba."

Na dubi cinyarsa. Yatsan tsakiya na hannun hagun yana motsi, kaɗan-kaɗan, yana bin kiɗan.

"Baba, ina ka san wannan?"

"A Jos, kafin a haife ki. Muna da ƙungiya, mu 'yan reluwe, ni ne mai jita. Faifan mutumin nan mun ji shi har sai da allura ta cinye shi."

A gidan Baba na tashi, amma ban taɓa jin wannan labari ba.

Da muka fito daga asibiti ban nufi gida ba. Na zarce Deira, na sayi jita ta hannu da 'yar sifikarta, Baba yana ta faɗa ina yi kamar ban ji ba. Washegari na kai wa likitar jitar, na tambaye ta ko Baba zai iya motsa hannun da ita. Ta yi dariya ta ce, "Yalla, Baba, shwaiya shwaiya," wato ya fara, sannu a hankali.

Farkon abin ba daɗi. Yatsun ba sa iya danne tsirkiya, sautin ya fito a dishe, ya ture jitar cikin fushi. Ni kuwa sai in kunna masa waƙar in shige kicin. Wata rana na jiyo shi yana dariya shi kaɗai, na leƙo.

Ya ce, "Zo ki ji. Nan makaɗin ya kuskure, a gaban dubban mutane. Ko a jikinsa, ya wuce abinsa. Miƙo min jitar."

Daga ranar bai ƙara maganar tikiti ba. Bayan wasu watanni muka kira mahaifiyata ta bidiyo. Baba ya ɗora jitar a cinya, ya tattara yatsun nan da ƙyar, ya tura tsirkiya ɗaya sama. Sautin ya fito yana rawa, amma ya riƙe shi. Umma ta rufe baki da mayafi, ga dariya ga hawaye.

Ta ce, "Alhaji, ashe ba ka manta ba."

Hannun bai koma kamar da ba, amma sai da Baba ya koma Kano yana alwala da kansa.

Abin da na koya shi ne, marar lafiya ba magani kaɗai yake buƙata ba, sai an samo masa abin da ransa ke so ya koma gare shi. Kuma iyayenmu sun yi wata rayuwa kafin mu zo. Yanzu in na zauna da su, tambaya nake yi, in yi shiru in saurara.