Shahon da Bai Shiga Littafi Ba

Shekara goma sha tara Baban Tanki yana kula da injin ruwan wani dogon bene na ofisoshi. Aiki ne da ba ya son surutu: ya duba mai, ya ɗaure kusoshi, ya hau rufi ya leƙa tanki. A can sama ya koyi kallon tsuntsaye, musamman da bazara, lokacin da suke ratsawa za su koma arewa. Har ya shiga ƙungiyar masu kallonsu, yana zama a kujerar baya, farcensa duk baƙin mai.

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce, baƙon tsuntsu ba ya shiga littafinsu sai da shaidu biyu.

Wata safiya ya ga shaho a kan ƙarfen eriya, irin wanda bai taɓa gani ba: ƙirji fari sol, bindi mai ratsi uku, bakin fukafukai kamar an tsoma a tawada. Ya kira ƙanin matarsa, malamin makaranta, ɗan ƙungiyar shi ma. Malam ya hau bene tara yana haki, yana tsokanarsa wai ɗauke masa yaya bai isa ba, sai an kashe shi da matakala. Ya karɓi madubin hangen nesa, ya ƙirga ratsin da bakinsa, ya rantse bai taɓa ganin irinsa ba.

Ranar taro Baban Tanki ya miƙe ya faɗi abin da ya gani. Shugaban ƙungiyar, wani tsohon likita, ya yi murmushi ya ce irin wannan shahon ba ya biyowa ta nan, ƙila shirwa ce haske ya sauya mata kama. Aka yi 'yar dariya. Sai Baban Tanki ya juya ga Malam.

Malam ya kalli takalminsa. "To, gaskiya rana ta kashe min ido. Ba zan iya tabbatarwa ba."

Rana kuwa a bayansu take a safiyar nan.

Aka wuce zuwa batu na gaba. A bakin ƙofa Malam ya riƙo hannun Baban Tanki, wai ba a musu da babba a gaban jama'a, a bari zai sami likitan a gefe.

"Ratsi nawa ka ƙirga?"

"Haba, Yaya."

"Nawa?"

"Uku."

Baban Tanki ya zare hannunsa. Shahon ya ƙara kwana biyu a kan eriyar kafin ya wuce, amma Baban Tanki bai sake kiran kowa ba. Da matarsa ta tambaye shi me ya haɗa shi da ƙaninta, ya ce babu komai, ta dai nema wa ƙanin nata maganin ciwon ido.