Gammon Baba da Kunyar Iro

Ranar wata Laraba ce cikin kakar shekarar 1968, yaƙin basasa na kan ganiyarsa. Ina 'yar shekara tara, muna zaune ni da ƙawata Ladi a gindin rijiyar gidanmu da ke wajen Ƙofar Dawanau muna carafke, Inna tana surfen gero, sai muka ji amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Amalanke ba ya zuwa gidanmu, don ba mu da abin da za a kawo mana a cikinsa. Na watsar da duwatsun na leƙa zaure, sai na ga Baba kwance rub-da-ciki cikin amalanken, a kan tsofaffin buhuna, ƙafafunsa na reto. Iro mijin yayata ne ya turo shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, kansa a sunkuye kamar kullum. Gammon da na naɗa wa Baba da safe yana damƙe a hannunsa. Baba bai yi nishi ba, bai yi salati da ƙarfi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "A shimfiɗa tabarma a ƙasa, kada a sa katifa. Kuma kada wanda ya ja ni ta hannu."

Baba ɗan dako ne a filin dalar gyaɗa na Ƙofar Mazugal. Asalinmu Fulani ne, amma ciwon shanu ya cinye garken kakanmu tun kafin a haife ni, ya bar mana dogon hanci da kunya kawai. Muna da 'yar gona a cikin ganuwa da akuya biyu, sai dai gonar ba ta kai mu ko tsakiyar rani. Abincin gidan gaba ɗaya, da ni da Inna da ƙannena uku da kakata makauniya, a kan wuyan Baba da bayansa yake. Mun san haka ko da ba wanda ya faɗa mana. Idan ya dawo da yamma ya kwanta ya ce in taka masa baya, takawa nake yi a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Aikina na farko kowace safiya, kafin shara da ɗebo ruwa da tafiya makaranta, shi ne naɗa gammo. Tsohon zanen Inna ne, shuɗi, rinin Ƙofar Mata, ya sha wanki har ya yi laushi. Sai in murɗa shi tam, in naɗe shi zagaye, in cusa bakin a ciki. Baba zai danna shi da babban yatsa. Idan ya lotsa, sai ya warware ya miƙo mini. "Wannan na mai tallar nono ne, Hadiza. Sake." Ni kuwa ba ni da haƙuri, in turo baki in sake. Ranar da babu makaranta ni nake kai masa fura filin gyaɗa, in samu inuwa in zauna ina kallon mutane na hawa dalar buhuna kamar tururuwa, kowa da buhu a ka.

A nan na ga yadda ake ɗaukar kaya. Mutum ba ya ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai. Biyu ne za su kama kunnuwan buhun su ɗaga, mai ɗauka ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙar da baya, ya shiga ƙarƙashi. Amma a cikin biyun nan ɗaya ne mai kira, shi ne wanda ke tsaye a gaban mai ɗauka, idonsa cikin idonsa. Sai ya daka masa tsawa, "Ka shirya?" Ba za a saki buhu ba sai mai ɗauka ya daidaita wuyansa ya amsa, sannan mai kira ya ce, "Tashi!" Mai kiran Baba shi ne Kawu Sale, wani gajere mai baki kamar reza, abokin wasansa. Yana zaginsa yana ɗora masa kaya: Bafulatanin banza, mai ƙafa kamar karan dawa. Baba na ramawa, suna dariya. Amma ban taɓa ganin idon Kawu Sale ya bar fuskar Baba ba har sai buhu ya zauna. Baba yakan ce, "Ƙarfi ba ya ɗaukar buhu, mai kira ne ke ɗauka."

Sai rikici ya zo, yaƙi ya biyo baya. Mutanen kudu da ke aikin jirgin ƙasa suka tafi cikin tashin hankali, shagon da muke sayen kananzir ya zauna a rufe. Jirgi ya rage zuwa, manyan motoci suka koma jigilar sojoji, gyaɗa ta yi ta taruwa babu mai kwashewa, dala na ƙara tsawo, masu hawanta na ƙara raguwa, domin duk saurayi mai ƙarfi ya tafi soja. Gishiri ya yi wuya har Inna ta koma ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Mu yara kuwa muka mayar da abin wasa, maza na fareti da karan dawa, mu muna gaɗa da waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba. Wata rana Kawu Sale ya zo zaure da kakin soja da ya yi masa yawa, ya yi sallama. Baba bai tsokane shi ba ranar, kuma har yau ba mu san ƙasar da ta rufe shi ba.

A lokacin ne Iro ya zo birni daga ƙauye neman aiki, da yayata Binta da cikinta na fari. Binta ita ce 'yar farin Baba, wadda ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce "yarinyar nan". To ga mijinta ya zo. Iro ƙato ne, mai hankali, mai ladabin da ya wuce misali. Idan ya hango Baba tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Ba ya cin abinci inda Baba yake, ba ya shan ruwa, muryarsa kuwa sai ka kasa kunne. Baba ya kai shi filin gyaɗa, kuma da yake ba a ba baƙo aiki sai wani ya tsaya masa, ya mai da shi mai kiransa. Inna ta faɗa masa gaskiya tun ranar farko, ina jin ta daga madafi. "Malam, yaron da ba ya iya kallon ƙafarka, yaya zai kalli idonka? Ka haɗa shi da wani." Baba ya ce idan ya haɗa shi da wani, mutane za su ce ya ƙi surukinsa. Shi ma kunyar ce ta hana shi. Ya koya wa 'yan dako da yawa kira, amma bai iya buɗe baki ya ce wa mijin 'yarsa ta fari "ka daka mini tsawa" ba.

Haka suka yi ta lallaɓawa. Iro na ɗaga buhu idonsa a ƙasa, ya motsa leɓe, Baba na cankar lokacin da zai saki. Ranar Larabar nan gammo ya ɗan zame, Baba ya karkata kai ya kai hannu zai gyara. Da Kawu Sale ne, da ya gani. Iro na kallon yatsun ƙafarsa, ya yi raɗar kiransa, ya saki. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙara kamar an karya ɗanyen rake.

An kawo maɗori ya shafa ya ɗaure ya tafi. An kai Baba asibiti, gadaje cike da samarin da aka kwaso daga fagen daga, aka ba shi ƙwayoyi aka ce a koma gida a yi haƙuri. Muka jira ƙafafun su motsa. Kakata ta jira, tana lalubensu da hannu kowace safiya tana tambaya ko ya ji. Ba su motsa ba. Akuyoyin suka tafi kasuwa, gonar ta bi su. Aka cire ni daga makaranta ina aji uku, lokacin da na fara jin daɗin karatu, aka ɗora mini farantin ƙuli-ƙuli. Ƙanena na goye bai ga damina ta gaba ba. Na yi baƙin ciki irin wanda yaro ba shi da wurin ajiye shi, sai na ɗora shi duka a kan Iro. Ba na gaishe shi, in ya shigo ina shara sai in bi ƙafarsa da tsintsiya. Baba ya kira ni ya ce, "Bai yi komai ba sai abin da aka koya masa a gidansu." A raina na ce to gidansu sun cuce mu, mu ma gidanmu mun cuci kanmu.

Iro ne ya ci gaba da ciyar da gida biyu da wuyansa ɗaya, kuma shi ne kaɗai ke iya ɗaga Baba. Kowace safiya zai zo ya fitar da shi zaure ya sha iska, da yamma ya mayar da shi. Ranar farko ya sunkuya idonsa a ƙasa zai cicciɓe shi, Baba ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Ibrahim, dube ni." Ban taɓa jin ya kira sunansa ba sai ranar. Iro ya ɗago ido, hawaye na zuba, ya ce da ƙarfi, "Baba, ka shirya?" Baba ya ce ya shirya. Ina tsaye da gammo a hannu, domin bai bari na daina naɗawa ba, a ƙarƙashin ƙugunsa ake sa masa. Na juya na shige ɗaki. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ashe kalmomin ba su da wuyar faɗa.

An gama yaƙi, rediyo ta yi ta kiɗa, wasu sun dawo, a gidanmu babu abin da ya canza. Baba ya rame har Iro na ɗaukarsa kamar yaro. Ya rasu da damina, bayan sallar azahar. Mu mata muna cikin gida lokacin da za a fita da shi, ba ma ganin komai. Daga bayan katangar zaure na ji muryar Iro, wadda a da sai ka kasa kunne, ta cika unguwa: "Kun shirya? Tashi!" A nan na yafe masa, na kuma yi kukan da ban yi ba tun ranar amalanke.

Yanzu babu dalar gyaɗa ko ɗaya a Kano, yara ma a hoto suke ganinta. Jikana yana aiki a wani babban sito, yana tuƙa injin ɗaga kaya, da hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki, ya ce an hana su ɗaga abu mai nauyi su kaɗai. Na yi masa murna. Amma in na shiga kasuwa har yau ina ganin samari na ɗora wa sa'annin ubanninsu buhu, ido a ƙasa, babu kira babu amsa, wani ma ko gammo babu. Nakan tsaya in yi musu faɗa, su ce Hajiya ta cika surutu. Zanen shuɗin nan yana nan a ƙasan akwatina, wata safiyar hannuna kan naɗa shi ban sani ba, tam, yadda ba zai lotsa ba. Na iya naɗin sosai yanzu, sai dai babu mai danna shi da yatsa.