Kwalin da Kawu Modu Bai Buɗe Ba

Muna tsakiyar darasin lissafi ranar Talata Malama ta leƙo ajinmu ta ce in ɗauko jakata. A bakin ƙofar makaranta na tarar da Baba a kan babur, bai kashe injin ba. Sai da muka bar Gaya muka kama hanyar ƙauyenmu Balan sannan ya gaya mini, ba tare da ya waiwayo ba, cewa motar da Kawu Modu ya shiga daga Kano ta yi hatsari, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu Modu ƙanin mahaifiyata ne. Manomi ne kamar kowa a gidanmu, amma yana da wani ɗan ɗaki a jikin zaure wanda yake kira situdiyo. Da kansa ya liƙe bangon da kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna. A nan yake ɗaukar waƙoƙin ɗaliban Islamiyya da na biki. Har daga Gafasa da Ajingi ake zuwa wajensa. Idan yarinya ta yi kuskure ba ya tsawa, sai ya ce wai kwamfutarsa ce ta yi gardama, a sake.

Shekara uku yana haɗa sauti da wata tsohuwar sifikar biki. A ɗakin waƙa za ta yi daɗi, amma da an sa ta a waya sai muryoyi su shige ƙarƙashin kiɗa. Wannan ya dame shi ƙwarai. Burinsa ya mallaki irin ƙananan sifikun da masu sana'ar ke kira monita, waɗanda ke da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikinsu, ba sai an sayi wata daban ba. Abokansa suna yi masa dariya, suna cewa wa zai sayar da gyaɗarsa ya sayo abin da ko akuyar maƙwabta ba zai firgita ba. Shi kuwa yakan ce, "Ni ba mai faranta mini rai nake nema ba. Wadda za ta faɗa mini laifina nake nema."

Ni ba na waƙa. Ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Ina kai masa abinci ne kawai in tsaya a bakin ƙofa. Wata rana ya tambaye ni me na ji, na ce a hankali kamar muryar ta biyu daga hagu ta shaƙe. Ya duba ya ga haka ne. Tun daga ranar ya ajiye mini kujera. Ya koya mini cewa ƙaramin ɗaki ba ya ɗaukar babbar sifika, inci biyar ta ishe shi. Ya nuna mini yadda ake ɗora su daidai kunne, a janye su daga bango. Yakan ce kunnen mai shiru ya fi nasa, don shi surutu ya cinye rabin nasa.

Bayan kaka ya sayar da gyaɗa ya je Kano. Kuɗinsa ba su kai na sababbi ba, sai ya sayo na hannu guda biyu, manya, masu inci takwas, saboda mai shagon ya yi masa sauƙi. Yana da wata al'ada. Duk sifikar da zai gwada, muryar Umma mahaifiyata yake sa mata, wata hira da ya taɓa ɗauka tana ba da labarin zuwan kakanninmu daga gabas, domin ita ce muryar da ya fi sani a duniya. Ya kunna, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Ɗiyata, faɗi gaskiya."

Na ce muryar Umma ba ta kai haka kauri ba. Na ce kuma sifikar dama tana wani ɗan zuu idan aka yi shiru.

Ya sake kunna muryar ya saurara. Sannan ya yi dariya ya ce shi ma ya ji, so yake ya yaudari kansa na hana shi. Washegari ya mayar da su Kano don ya musanya da ƙanana. A hanyar dawowa ne abin ya faru. Kwalin ƙananan sifikun ya iso gida ko ƙwarzane babu.

Malaminmu ya ce ajali ba ya jiran maganar kowa, kuma na yi imani da haka. Amma har yau ban iya gaya wa Umma cewa maganata ce ta mayar da ƙaninta kan hanya ba. A rubutun nan za ta fara sani. Kullum ina tambayar kaina ko da gaske na ji abin da na ce na ji, ko kuwa so nake ya ƙara yaba mini. Umma, ki yafe mini.

Kwalin yana nan a ɗakin, ba a buɗe ba. A kwamfutarsa akwai waƙoƙi huɗu na 'yan matan da za su yi sauka, ya ɗauki muryoyin bai haɗa ba. Bayan sadakar arba'in za a sayar da kayan duka, domin haƙƙin matarsa ne da 'yarsa Falmata, wadda ko yaye ta ba a yi ba. Ba ni da ja a kan wannan. Saura kwana goma sha tara.

Ni na iya ji, amma ban iya taɓa kwamfutar ba. Don Allah, idan a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya san aikin, a Gaya ko Ajingi ko Kano, ya zo Balan ya tambayi gidan marigayi Modu mai situdiyo. Yini biyu kawai nake roƙo. Ya haɗa sifikun ya ƙarasa waƙoƙin, ni zan zauna a gefe in saurara. Ba ni da abin biya, kuma ban san wanda zan roƙa ba bayan ku.

Ya Allah ka jiƙan Kawu Modu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa haƙuri, ka raya Falmata cikin imani. Ka sanyaya zuciyar Umma idan ta karanta wannan. Ka kawo mana mutumin nan kafin kwanakin su ƙare. Amin.