Fuskar Hirudus

Da safe Remedio ya kwaɓa yumɓu a bayan gidansu a Goa, da rana ya shafa wa rigar mutum-mutumin Maryamu shuɗi. Tun yana yaro shi ke ƙera 'yan mutum-mutumin da ake jerawa kewaye da komin jariri Yesu a coci. Da la'asar Caetano, shugaban kwamitin coci, ya sa shi hawa rufi ya rataya tauraro. An sha gaya wa Caetano wayar lantarkin ta tsage, ya ce za ta kai baɗi. Remedio bai sauko da rai ba.

Mahaifiyarsa Perpetua ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta ɗauko mutum-mutumin Hirudus, sarkin nan da ya sa aka kashe jarirai, wanda ɗanta bai gama ba, ta yi masa sanƙo da tawadar Allah a gefen hanci irin na Caetano, ta ajiye shi gaban komin ranar jajibirin Kirsimeti. Duk wanda ya durƙusa sai ya waiwayi Caetano.

"Malama, a cire wannan," in ji shi.

"Don me, ranka ya daɗe? Mai kashe 'ya'yan mutane ne kawai."

Rigunan Remedio ta rabar, burushinsa ta ba coci. Fentin da ta yi fuskar da shi kuwa ta adana, saboda baɗi.