Yafiyar da Na Nema a Tsaye

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a ƙasar nan waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma shekarar da na shirya tafiyar hawan duwatsu a tsibirin Kosika ba ta cikinsu. Wannan kam da ita za a binne ni. Har yau ban taka tsibirin ba. Abin da ya sa shirin ya zauna mini a rai shi ne, a cikinsa na gano matata ta shekara biyu tana riƙe da ni a zuciya, muna kwana ɗaki ɗaya, ni kuwa ina ta yawo a garin Greensboro, inda muke zaune a ƙasar waje, ina ganin da za a yi gasar mazajen kirki, ni zan zo na ɗaya.

Likita ne ya jawo maganar. Ya ce sugana ya hau, in rage shinkafa in riƙa tafiya a ƙafa. A lokacin ina aiki a wani babban sito da ke Wendover Avenue, kuma akwai wani Bature abokin aikina, mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda duk shekara sai ya ɗauki jaka ya shiga duwatsu. Wata rana muna hutun cin abinci ya nuna mini hotuna a wayarsa: tsibiri a tsakiyar teku, duwatsu sun cika shi, ga wata 'yar siririyar hanya da ake bi kwana da kwanaki, ana kwana a wasu ƙananan ɗakuna na matafiya. Ya ce can zai je baɗi. Da na ji Faransanci ake yi a wurin, ni da na yi makaranta a Damagaram, sai na ce da ni za a tafi. Ya dube ni ya ce sabon shiga ba ya farawa da irin wannan hanya.

Maganar ta ɓata mini rai. Ni da na tashi ina bin jaki zuwa kasuwar ƙauye, mu fita da asuba mu dawo da almuru, shi ne wani zai kira ni sabon shiga a tafiyar ƙafa? Na ce ya kai ni duk dutsen da yake gani dutse ne.

Asabar ɗin da ta biyo ya kai ni wani dutse a arewacin gari, tafiyar kamar awa guda a mota. Na je da takalmin da nake zuwa aiki da gorar ruwa ɗaya. Ashe tafiyar da na sani ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba wanda ya taɓa gaya wa gwiwoyina cewa hanya tana iya miƙewa tsaye. Kafin mu yi rabi numfashina ya koma na rago a hannun mahauci. Na zauna a kan wani dutse wai ina gyara igiyar takalmi. Wata tsohuwa mai sanduna biyu, wadda ta isa ta haife ni, ta wuce ta gaishe ni. Ta hau can ƙoli ta sha iska, ta sauko, ta same ni a kan dutsen nan dai, ta sake gaishe ni. Gaisuwa ta biyun nan ta fi ciwon gwiwar zafi.

Daga ranar na ɗauki abin da gaske, kuma ni idan na sa abu a gaba ba na ganin kowa. Wata takwas na yi ina shiri. Na sayi takalmin hawa na riƙa sa shi har a cikin falo don ya saba da ƙafata. Na zuba shinkafa a jakar goyo, ina hawa matakalar ginin da muke haya ina sauka, maƙwabta suna leƙe ta taga. Na kwashe sikelin kicin na kai ɗaki, ina auna komai: safa, cokali, fitila, har dardumar salla sai da na nemo marar nauyi. Buta ta sha kaye, gorar roba ta maye gurbinta. Na je wajen liman ya yi mini bayanin sallar kasaru da taimama. Taswirar hanyar kuwa na manna ta a jikin firij, na haddace inda za a kwana da inda ake samun ruwa kamar zan yi jarrabawa.

'Yan uwanmu mutanen Nijar sun sami abin dariya. Wani ya ce, “Kai da ka baro gida don gudun tafiyar ƙasa, yau kai ne za ka sayi biye, tikitin jirgi, a kai ka inda za ka yi ta?” Na ce jahilci ne yake damunsu.

Matata ba ta yi dariya ba, ba ta kuma hana ni ba. Tana aikin kula da tsofaffi da safe, ta dawo ta tarar da yara uku da girki, duk da haka ita ce take shafa mini man zafi idan na dawo ina ɗingishi, ita ta ɗinke mini maɗaurin jaka da ya tsinke. Maganarta dai ta ragu. Na lura, amma na fassara shirun yadda ya yi mini daɗi, na ce mace ce mai girmama ra'ayin mijinta.

Saura hutun aiki, wanda mu muke kira konje. Kwana goma sha huɗu nake bukata. Na shiga ofishin manaja ina ta shirya magiya a raina, sai ya duba kwamfuta ya ce ai kwanakina sun taru, ya sa hannu. Da yamma wani abokina ya zo gida, ina ba shi labari da ƙarfi, ina cewa wallahi ko zama ban yi ba aka ba ni, tambaya ɗaya tak. Matata tana shigowa da tiren shayi a lokacin. Ta ajiye ta koma ciki, ni kuma na ci gaba da zuba.

Saura mako guda, bayan sallar Juma'a, dattijon da muke kira Alhaji, wanda shi ne babba a cikinmu, ya riƙe hannuna. Ya ce, “Na ji za ka shiga inda waya ba ta kamawa. To, ka yi yadda iyayenmu suke yi. Mai doguwar tafiya ba ya fita da haƙƙin mutane a kansa. Ka bi su ɗaya-ɗaya ka nemi yafiya.”

Na ce to, na rubuta a takardar shirina, ƙarƙashin maganin sauro. Haka na ɗauke shi, wani abu ne da za a yi a soke. Na bi abokai, na bi maƙwabta, na buga waya gida. Kowa amsarsa ɗaya: ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har daɗin abin na riƙa ji, don kowane kira sai ya ƙare da yabo. Na bar matata a ƙarshe saboda ita ce mafi sauƙi, tana gida, ba sai na kashe man mota ba.

Ranar Lahadi ce, bayan azahar, saura kwana biyar jirgina ya tashi. Yara suna makarantar Islamiyya. Tana kicin tana ƙulla mini dambun nama a 'yan ledoji, kowace leda ta kwana guda. Ni kuma jakar tana bayana, ina gwada maɗauranta. Na tsaya a bakin ƙofa, hannuna ɗaya a jikin bango, na ce, “Hajiya, saura ke. In akwai abin da na yi miki, a yafe mini.”

Har na fara juyawa, don na san amsar.

Ta ce, “Ban yafe ba, Malam.”

Na yi dariya. Allah ya sani dariya na yi, na ɗauka zolaya ce. Da ta ɗago kai na ga fuskarta, sai dariyar ta maƙale. Shekara goma sha uku muna tare, ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Babu fushi a cikinta, babu hawaye, kuma da ma ɗayansu na gani da hankalina bai tashi haka ba.

Ta ce, “Tun da ka tambaya, zan faɗa. Lokacin da Inna take kwance, me na roƙe ka?”

Nan take na tuna. Shekara biyu kafin nan mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Damagaram. Ta roƙe ni in ɗauki hutun mako biyu in zauna da yara, ita ta je ta gan ta, don a lokacin ba a daɗe da yaye ƙaramar ba. Na ce mata aikin ƙasar nan ba a wasa da shi, ba sa ba da hutu haka kawai, in na matsa sai su sallame ni. Ta haƙura da tafiyar. Bayan wata biyu Inna ta rasu. A waya ta ji, a waya ta karɓi gaisuwa, a zaune a kan kujerar falonmu.

Na ce, “Ai kin san yadda aikin yake a lokacin.”

Ta ce, “Na yarda da kai a lokacin. Shekara biyu ina ce wa kaina ba laifinka ba ne, laifin ƙasar ne. Sai ran nan na ji da kunnena kana cewa tambaya ɗaya ka yi aka ba ka. Ina so ka gaya mini tsakaninka da Allah. Wancan karon, ka tambaya?”

Ban tambaya ba. Ko ƙofar ofishin ban nufa ba. Kuma a tsaye a wurin, da jaka a bayana, na ga dalilin ƙarara, wanda ban taɓa bari na kalla ba. Ba korar nake tsoro ba. Yaran nake tsoro, wankansu da girkinsu da kukan ƙaramar, mako biyu ni kaɗai. Na kuma ce a raina tsohuwa ta saba kwanciya ta tashi. Na yi wa matata ƙarya, na maimaita ta har ni ma na yarda. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na tsorata da kaina.

Na sauke jakar. Na ce, “Na fasa. Hutun nan naki ne. Gobe zan nemo miki biye, ki tafi gida, ni zan zauna da su.”

Ta ce, “In je in ga wa?”

Ta ƙulle ledar da ke hannunta ta ajiye a kan sauran. Ta ce, “Ga guzurinka nan. Ka yi tafiyarka, zan yi maka addu'a ka dawo lafiya, kai ne uban 'ya'yana. Amma yafiya ba ni da ita yau, kuma ba zan yi maka ƙarya kana bakin hanya ba.” Ta wanke hannu ta ɗauki makullin mota ta tafi ɗauko yara.

Ban yi tafiyar ba. Kada wani ya ce halin kirki ne, ƙafar ce kawai ta ƙi. Abokin aikina ya tafi shi kaɗai, waɗanda suka tambaya na ce musu gwiwa ce ta tashi. Kwana goma sha huɗun nan a gida na yi su. Ni ne kai yara makaranta, ni ne ɗaukowa, ni ne tuwon da suka ƙi ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, aikin da na guda har na hana mace ganin uwarta, kafin kwana huɗu na iya shi. Ita kuwa ba ta gode mini ba, ba ta kuma sake ɗaga maganar ba. Ta fita aiki ta dawo, ta gaishe ni kamar kullum, ni ne dai na kasa haɗa ido da ita.

Da shekara ta zagayo ta ce tana so ta je ta ga ƙannenta. Na je na tambayi hutu don in zauna da yara, aka ba ni. Ta yi mako uku. Da na ɗauko ta daga filin jirgi ta gaya mini a ɗakin Inna ta sauka, an bar gadon yadda yake. Ba ta ce komai a kaina ba, ni ma ban nema ba, don na gane ba ni da ikon sa mata rana. Sai bayan wasu watanni, wata safiya na kai ta wurin aiki, ta buɗe ƙofa ta fitar da ƙafa ɗaya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Maganar nan, na yafe.” Ta rufe ƙofa ta shige. Ina nan zaune har sai da motar bayana ta danna mini oda.

Ta yafe, amma ba ta ga Inna ba, kuma wannan babu hutun da zai gyara shi. Abin da na koya ke nan, da tsada. Ba na sake ce wa wani nawa babu hali sai na je na tambaya an hana ni. Idan kuma zan nemi yafiya, da mutumin da ya fi kusa da ni nake farawa, kuma ba na nema a tsaye. Zama nake yi, don mai yiwuwa akwai amsa, kuma tana iya yin tsawo.