Singiletin Baba Auduga

Shekara ashirin da shida Baba Auduga ya yi yana wanke tankunan mai a barikin soja. Tanki ɗari huɗu da goma sha ɗaya, ko ƙyas ba a taɓa ji ba. Sunan kuwa ƙiyayyarsa da nailan ce ta jawo masa. A cewarsa, nailan in ya gogi jiki wuta yake tarawa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishi tanki mai tururin fetur.

Dokokinsa goma sha ɗaya ne, manne a ƙofar ɗakin sauya kaya. Shebur sai na tagulla, tiyo sai da wayar da ke sauke wuta ƙasa. Kowace safiya yakan jera mutanensa shida, ya juya wuyan rigar kowa ya karanta irin yadin, har safa ba ya bari. Ya taɓa mayar da wani saje gida saboda hular nailan.

Ranar tanki na ɗari huɗu da goma sha biyu, ya duba mutum shida, aka auna iska, aka ɗaura masa igiya, ya fara sauka. Matakala talatin ce. A ta tara ya ji wani santsi a gadon bayansa, irin wanda auduga ba ta yi. Sai ya tuna: 'yarsa ta kawo masa sabuwar singileti jiya, ya saka da safe don ta gani.

Ya tsaya cak.

"Baba, lafiya?" in ji Dogo mai riƙe igiya, daga sama.

"Kada ka ja ni. Kada kowa ya taɓa ni."

Minti goma sha huɗu ya yi yana hawa matakala tara, kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai tuɓe a bakin tanki ba, don tuɓewar ma tartsatsi gare ta. Ya yi taku ɗari, ya dafa ƙarfen sauke wuta da ke kafe a ƙasa, sannan ya cire. Ta yi ƙaras-ƙaras.

Dogo ya juya wuyan, ya karanta da ƙarfi. Nailan zalla.

"To Baba, a mayar da kai gida ne, ko saje kaɗai ake mayarwa?"

"A mayar."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Da yamma 'yar ta tambaya ko ta yi masa daidai.

"Cas, uwata. Ta dai fi ƙarfin aiki."

Kashegari dokoki suka zama goma sha biyu, layi ya zama mutum bakwai. Dogo ke juya wuyan rigar na bakwai, wato Baba, kuma ba ya sauri.