'Yar Ƙofa a Gindin Bindiga

Wata ranar Alhamis ce a hunturun 1986, da hantsi, aka yi yayyafi a Riyad. Ina tsaye a bakin shagon kafintocin da Baba yake aiki a unguwar Gubaira, na miƙa tafin hannu ina tarar ɗigon ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da na garin katako. A ciki Baba yana zaune a kan benci, ya ɗora wata ƙotar bindiga a cinya yana goga mata mai da tsumma a hankali, kamar mai shafe jariri bayan wanka. Katakon ja ne mai duhu, da zane a jikinsa irin na ruwa idan iska ta taɓa shi. Ya ɗago ya ce, "Uwata, zo ki ga amarya. Saura takalmi kawai." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Bindigar ta kafilinsa ce, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani dattijo mai suna Abu Fahad, wanda ya gaje ta daga ubansa. Tsohuwar ƙotar ta tsage, sai ya cire ƙarafan ya ajiye a gidansa, ya ba Baba aikin sassaƙa sabuwa, domin ya ji labarin Baba ɗan maharba ne, tun yana yaro yake yi wa mafarautan garinsu ƙota da gizago. Abu ɗaya ya rage: farantin ƙarfen da ake rufe ƙarshen ƙota da shi, inda take jingina da kafaɗa. Kuma ba kowane iri dattijon yake so ba, sai mai 'yar ƙofa a tsakiya, wadda ake buɗewa a tura tsumma da 'yar kwalbar mai cikin ramin da aka fafe a katakon. Na ubansa haka yake, ya ɓace da jimawa. Ya yi wa Baba alkawari cewa idan aka gama kafin ciyawar bana ta bushe, zai ɗauke mu duka gidanmu zuwa sahara mu wuni.

Ban san girman wannan alkawari ba sai da na ga yadda Baba ya sauya. Mutumin da ya tashi a daji, ya yi shekaru bai taka komai ba sai kwalta da siminti. Gidanmu ɗakuna biyu ne a saman wani bakala, wato kantin kayan masarufi, tsakar gidanmu kuwa rufin bene. A nan nake shanya wanki, in share kashin tattabarun maƙwabta, in zana 'yar gala-gala da gawayi mu yi ta tsalle ni da 'ya'yan Yamanawan da ke ƙasanmu. A nan kuma Baba yake zama bayan la'asar yana ba ni labarin fadama da zabbin daji da raɓa mai jiƙa wando har gwiwa. Ni kuwa ban taɓa ganin ciyawar da ba a shuka ta a tukunya ba. Sai na riƙa kwanciya ina mafarkin wani koren fili marar bango, ni a tsakiyarsa da farar riga, iska tana wasa da mayafina.

Larabcin Baba na shago ne: gaisuwa, awo, kawo, kai. Ni kuwa a makarantar 'yan mata ta unguwa nake, Larabci ya fi Hausa zama a bakina. Don haka ni ce tafintarsa. Ƙotar ba ta fita daga shago, domin baƙo ba ya yawo a titi da abin da ya yi kama da bindiga. Abu Fahad ya taɓa faɗa masa sunan farantin da Larabci, sunan ya sulale, shi kuma yana jin nauyin sake tambaya. Sai kowace Alhamis, bayan mun karya da gurasar tamis da wake, ya kama hannuna mu shiga layin masu sayar da ƙarafa.

A shagon farko ya sunkuyo ya ce mini, "Ce masa muna neman murfin gindin bindiga, mai 'yar ƙofa." Na ji kunnuwana sun yi zafi. A iya Hausar da na sani, kalmar nan ta tsakiya ba a faɗarta sai a banɗaki, ko idan Umma tana faɗa wa ƙanina ya sa wando. Na yi mamakin Baba, mai kamun kai, ya furta ta a kasuwa. Na dubi mai shagon da farin gemunsa da carbinsa, na ga babu yadda za a yi in fassara masa wannan. Sai na tsallake ta, na ce muna neman 'yar ƙofar bindiga. A ganina na gyara wa Baba magana ne, na rufa masa asiri.

Haka muka yi ta yawo. Wani ya fito mana da sakata, wani da ƙofar akwatin ajiye harsashi. Wani Bapakistane ya kawo murfin tankin babur yana rantsuwa shi ne. Baba ya zana abin a bayan kwali, sai zanen ya fito kamar tafin takalmi mai taga, mai shagon ya nuna mana hanyar masu gyaran takalma. Wani tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ya binti, 'yata, tambayi babanki, bindigar tasa haya zai ba aljanu da take son ƙofa?" Na fassara, Baba ya ce, "Ce masa idan sun biya kuɗin wuta, bismillah." Amma da muka fito murmushin ya gushe. Sanyi ya fara raguwa, direbobin da suke shigowa daga arewa suna cewa furannin sahara sun fara sunkuyar da kai. Baba ya daina ba da labarin fadama a rufin bene. Yakan zauna kawai yana kallon inda gine-gine suka ƙare.

Umma ce ta warware ƙullin, ba da niyya ba. Wata safiya muna wanke-wanke ta ce in kankare gindin tukunyar da kyau. Na saki soso na rufe baki. Ta dube ni ta ce, "Ke lafiya?" Na ce ai wannan kalmar batsa ce, kuma har Baba yana faɗarta a gaban mutane, ni ce nake ɓoye masa. Umma ta zauna daɓas a kan kujera 'yar tsugunno tana dariya har hawaye. Ta ƙwala kira, "Malam! Zo ka ji abin da uwarka take yi maka a kasuwa!" Sannan ta shiga lissafa mini: gindin bishiya inda ake shan inuwa, gindin murhu inda ake jin ɗumi, gindin dutse, gindin rijiya. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, ya girgiza kai ya ce, "Ashe duk yawon nan ƙofa muke nema babu gida." Bai yi mini faɗa ba. Ya dafa kaina ya ce kunya ado ce, amma yau a ajiye ta a gida.

Da la'asar muka tafi Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, inda ake zube agoguna da butocin gahawa da rediyoyi a kan darduma. A gaban wani Badawi mai tarkacen sirdi da wuƙaƙe na daure na yi bayani dalla-dalla: ƙarshen katakon, wurin da yake taɓa kafaɗa. Ya ce, "Ka'ab!" Wato diddige. Abin da mu muka kira gindi, su diddige suke ce masa. Ya zuba hannu cikin wani gwangwani ya yi ta lalube, ya fito da farantin ƙarfe baƙi ƙirin da tsatsa. Ya sa farce ya taɓa, 'yar ƙofa ta buɗe, ta koma ta rufe da ƙara ƙas. Baba ya karɓa da hannu biyu. Har muka iso gida ina jin ƙas, ƙas, daga cikin aljihunsa.

Mun makara kaɗan. Ranar da Abu Fahad ya ɗebe mu a bayan a-kori-kurarsa, koren ya riga ya fara komawa ruwan ɗorawa, ba irin na mafarkina ba. Amma a wani kwari ciyawa tana nan, da wasu furanni masu ruwan shuni da ƙamshinsu ya cika iska. Baba ya sauka, ya cire takalmi, ya shiga ciki yana tafiya shi kaɗai har ya zama ɗan ɗigo. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya ce iska ce. Dattijon ya miƙa masa bindigar a haɗe. Baba ya ɗora ta a kafaɗa, ya auna sararin sama, ya daɗe a haka, sannan ya sauke bai harba ba. Ni kuma na tsinko fure ɗaya na tambayi dattijon ko zan iya ajiye shi a cikin ƙotar. Ya buɗe mini 'yar ƙofar da kansa, na tura shi ciki kusa da tsumman mai, ya rufe.

Yau idan mutum yana neman irin wannan abu, hotonsa zai ɗauka da waya, kafin shayi ya huce an nuna masa guda goma. Ba ya bukatar sunan abin, balle 'yar da za ta riƙe masa hannu ta ara masa harshe. 'Ya'yana suna cewa zamaninmu wahala ce. Wataƙila. Baba ya rasu a garinsu, kabarinsa yana bakin fadama, duk damina ciyawa takan rufe shi. Ni dai da za a ba ni zaɓi, da na sake ɓata mana hanya, ko don Alhamis ɗaya ta ƙaru.